Gwangwani Uku na Kawu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya. Yau kwana arba'in da muka kai shi makwancinsa a bayan gari, daidai inda babbar magudanar ruwa ta yi kwana ta nufi Bunkure. Na ɗauki biro ne don na ga mutane sun fara komawa harkokinsu, ni kuma ban gama da shi ba.

A zaman makoki direbobi sun fi dangi yawa. Manyan motoci suka jeru a bakin titin Kura, kowacce da aikin hannun Kawu a bayanta, domin sana'arsa ke nan, zanen bodin mota da allunan kanti. Wani tsohon direba ya zauna yana sharar hawaye da hannun riga, yana ba da labarin koren zakin da Kawu ya taɓa zana masa a birni. Ya ce tun daga nan har Kurmi babu tashar da ba a san motarsa ba, har wasu suka riƙa zuwa suna cewa su ma koren suke so. Liman, wanda ya shekara yana yi wa Kawu faɗa a kan zanen abu mai rai, shi ya tuna wa jama'a cewa duk azumi Kawu ke shafe masallaci da fenti, kuma ko ruwa ba ya yarda ya sha a kan aikin. Iya, mahaifiyata, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Sai dai ta aiko sau uku a tambaye ni ko na rufe masa gwangwanayen fenti, kada su bushe.

Duk wanda ya zo, magana ɗaya yake rufewa da ita, wai wajen sanin launi ba a yi kamar Kawu ba. Ni kuwa duk lokacin da aka faɗi haka sai in sunkuyar da kai. A ƙarshen tabarma Baba, mahaifina, yana zaune yana jan carbi. Ban ji ya ce komai ba in ban da addu'ar da kowa ke yi. Shekara huɗu ba ya shiri da Kawu, kuma ni ne dalili.

Abin ya faro ne shekarar da ruwa ya fara gudu a magudana. Gonakin da a da suke hutawa da rani aka cika su da alkama da tumatir, gari ya rikice da aiki. Ina da shekara goma sha takwas, na gama firamare, ƙarfi kamar me. Ban ruwa, huɗa, ɗaukar kaya, babu wanda ya fi ni. Amma da zarar an zo ɗiban tumatir sai in zama abin dariya. Kowa ya sunkuya yana tsinkar nunanne da hannu biyu, ni kuwa ina tsaye ina lalube, don a idona nunanne da ɗanye da ganyen duk kusan abu ɗaya ne. In na latsa don in gane, Baba ya ce ina farfasa masa amfani. In na yi sauri, in cika kwando da ɗanyu. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani sau ɗaya, ya ce ashe bayan ganganci har da ƙarya. Daga nan na yi shiru, har ni kaina na fara yarda cewa wawa ne ni.

Wata ranar lodi, mota na jira a bakin hanya, Baba ya kifar da kwandona a gaban 'yan ƙwadago, ya yi mini tatas, ya ce da gangan nake yi don na raina noma tun da na yi boko. Kawu yana wurin, ya zo gaishe da Iya ya biyo ta gona. Ya leƙa tumatirin da ke zube a ƙasa, ya daɗe yana kallo, sannan ya kalle ni. Washegari ya zo ya ce a ba shi ni in taya shi aiki a rumfarsa. Baba ya ce ya ɗauka, dama raggo ai raggo yake nema. Maganar ta yi zafi, domin Kawu ma tun yana saurayi ya bar garin nan aka bi shi da sunan mai gudun gona, bai dawo ba sai da motocin tumatir suka fara lodi a yankinmu.

Na tafi rumfar ina ɗoki, ina hango kaina da burushi a jikin mota. Abin da Kawu ya miƙo mini gwangwanin madara ne guda uku. Ɗaya farin fenti, ɗaya baƙi, na ukun kuma ya haɗa su ya zama ruwan toka. Takarda kuwa ta buhun siminti ce, wadda muke tsintowa a wurin masu ginin magudana. Ya ajiye tulu a bakin rumfa inda rana ke dukansa ta gefe ɗaya, ya ce in zana. Sharaɗi biyu ne: ba jan layi, ba gwangwani na huɗu.

Ya koya mini in ƙanƙance ido har sai adon jikin tulun ya ɓace, ya rage dunƙule-dunƙulen haske da duhu. Kowane dunƙule sai na sama masa gida a ɗaya daga cikin gwangwanin nan uku. Shi ba ya cewa haske ko duhu, nauyi yake cewa. Wannan wurin ya fi wancan nauyi, wancan ba shi da nauyi ko kaɗan. Na ce masa akwai wuraren da ba fari ba ne, ba kuma toka ba, suna tsakani.

"To yanke musu hukunci mana," in ji shi. "Kai ne alƙali. Ka taɓa jin alƙali ya ce rabi da rabi?"

In na gama, ba ya duba aikin a hannu. Sai ya sa in tsallaka titi in jingina takardar a gindin darbejiya, mu koma rumfa mu hango. Dalilinsa shi ne mota ba ta tsayawa a kalle ta, mai kallo daga nesa yake ganinta, tana gudu. Kuma ba shi ke yanke hukunci ba. Duk wanda ya fara wucewa shi zai tsayar ya tambaya. Zanena na farko wata Bafulatana mai tallan nono aka tambaya, ta kare ido da hannu ta ce kabewa ce. Kawu ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, ya sayi nonon ƙwarya guda don ta faɗi gaskiya. Sati uku ina kan tulun nan kafin wani mai keke ya ce tulu ne ba tare da ya rage gudu ba.

Daga tulu muka koma jaki, daga jaki muka koma gadar magudana da mata masu wanki a ƙarƙashinta. Ranar da ba zan manta ba ita ce ta shanu. Garke ya zo shan ruwa, wata farar saniya ta kwanta a inuwar tsamiya, wani baƙin sa yana tsaye a rana gashinsa na ƙyalli. Na sa wa saniyar fari, san kuma baƙi. Kawu ya ce na juya su. Na ce haba Kawu, ko makaho ya san farar saniya fara ce. Bai yi musu da ni ba. Ya huda takarda da ƙusa wuri biyu, ya ce in leƙa ta ramukan, ɗaya a kan saniyar, ɗaya a kan gadon bayan san. Na leƙa. Farar da ke inuwa ta fi baƙin da ke rana duhu nesa ba kusa ba. Ya ce matsalata ita ce ina zana abin da na sani, shi kuma abin da na gani yake so.

Kawu mutum ne mai wuyar sha'ani a wajen aiki, mai sauƙi a komai. Burushi a jikin hularsa yake saƙale shi, ya manta, ya tashi rumfa da nema. Hannunsa kullum warin kananzir, har matarsa, wadda nake kira Inna, takan ce ta manta ɗanɗanon tuwon da babu kananzir a gefensa. Allah bai bar musu ɗa ko ɗaya ba, sai suka riƙe juna. Kullum da hantsi Inna ke kawo gwangwanayen launi daga gida a cikin kwando, a jere, ta ajiye ta koma. Ni na ɗauka tsabar kula da miji ce. Shi kuma kowace mota sai ya fara gama zanenta tsaf da fari da baƙi da toka, sannan ya bi da launi sama-sama.

Wata biyar ina kan gwangwani uku. Samarin garinmu in sun wuce sai su tambaye ni ko har yanzu ban kai ajin ja ba. Baba kuwa in na gaishe shi yakan amsa yana kallon wani wuri. Na cika na yi fam. Wata ranar kasuwar Bunkure Kawu ya tafi sayen katako, sai ga wani direba yana sauri, yana so a zana masa kwandon tumatir a ƙofar bayan motarsa. Na ce zan iya. Na shimfiɗa nauyin kamar yadda aka koya mini, ya yi kyau, na sani ya yi kyau. Sannan na buɗe gwangwanayen da aka hana ni taɓawa.

Kafin la'asar rabin tasha ya taru ana dariya. Ashe tumatirin kore shar na yi su, ganyen kuma ja. Direban yana ta bambami sai ga Kawu a kan keke. Ya sauka, ya tsaya a gaban motar, ya kalli zanen. A nan na lura da wani abu. Bai yi fushi ba, bai yi dariya ba, fuskokin mutane yake bi da kallo kamar mai jiran a gaya masa abin da ya faru. Sai da wani ya ce wannan tumatir ai sai a jira shi wata guda, sannan Kawu ya gyara murya. Ya ce shi ya sa ni, gwaji ne na almajirci, kuma gobe da safe za a ga motar yadda ake so. Da wasa da dariya ya sallami kowa.

Da muka rage mu biyu ban gode masa ba. Na ce ya ɗauko ni ne don in riƙa wanke masa burushi, da ya koya mini launi tun farko da ban ji wannan kunyar ba. Na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai na ji nauyi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in biyo shi gida. Da muka isa ya sa Inna ta kawo tumatir biyu daga madafa, ta ajiye a kan tabarma. Ya ce in nuna nunanne ba tare da na taɓa ba. Na kasa. Sai ya ɗauki ɗaya ya latsa, ya kai hanci ya shinshina, ya ajiye, ya ɗauki ɗayan.

"Wannan ne," in ji shi. "Ni ma haka nake ganewa, ɗana. Ranar da ubanka ya kifar maka da kwando, na duba na sake dubawa, ban ga laifin tumatirin ba. A nan na san idona ka ɗauko."

Inna ta juya mana murafen gwangwanayen da muka dawo da su daga rumfa. Kowanne da shaidar ƙusa, ja tabo ɗaya, kore biyu, ruwan ƙasa uku. Shekara talatin ita ke yi masa, ita ke haɗa masa duk launin da ake so a ɓoye a cikin gida. Koren zakin da ya yi suna kuwa, a makon da ta tafi ganin gida aka yi shi. Kawu ya ɗauka ruwan ƙasa yake shafawa. Abin da ya cece shi shi ne nauyin ya zauna daidai, zakin kamar zai diro daga motar, sai mutane suka ɗauka gwaninta ce. Ya ce shi ya sa ya tsare ni a kan gwangwani uku. Launi za a iya ara mana, amma haske da duhu namu ne, kuma a nan mun fi masu lafiyar ido, don su launi na ɗauke musu hankali.

Na yi kuka a ranar, ba na ɓoyewa. Shekara da shekaru ina zaton ni kaɗai Allah ya yi haka. Da na natsu na roƙe shi abu ɗaya, mu je tare ya gaya wa Baba. Ni in na faɗa ƙarya ce, amma babba kamar Kawu in ya ce shi ma haka yake, dole a yarda. Kawu ya yi kicin-kicin da fuska ya ce a'a. Ya ce maganar da ta shiga kunne uku ta shiga tasha, in ta shiga tasha kuma babu direban da zai sake kawo mana mota. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dukan dalilin ba. Mutumin da aka kira raggo a garinsu, ya je ya dawo ana kiransa gwani, bai shirya ya tsaya gaban mijin ƙanwarsa ya ce ba ya ganin ja ba. Kawu yana da girman kai, kuma ni na biya kuɗinsa.

Shekara huɗu muka yi haka. Hannuna ya faɗa, har ya zama in mun gama mota ba a gane inda nasa ya tsaya nawa ya fara. Duk da haka kowace safiya, kafin a taɓa aikin kowa, sai mun zauna mu biyu da takardar siminti da gwangwani uku, mu zana duk abin da ke gabanmu, shi da furfurarsa yana ƙanƙance ido kamar sabon shiga. Sau uku na sake tayar da maganar Baba, sau uku yana sauya zance. In na kai wa Baba abin da na samu, sai ya ce in ba Iya. Bai taɓa taka rumfar ba. Ina son Kawu kamar raina, amma wannan abu ya tsaya mini a rai, kuma ya sani.

Tari ne ya kwantar da shi, mako biyu kacal. Baba ya je dubiya sau ɗaya kamar yadda zumunci ya wajabta, ni ina rumfa ban ma gan shi ba. Da Kawu ya cika, bayan baƙin cikin rashinsa, akwai wani ƙaramin baƙin ciki da nake jin kunyarsa a raina: shaidata ɗaya tilo ta shiga ƙasa.

Kwana biyu bayan sadakar bakwai na buɗe rumfa. Motar farko ta wani baƙon direba ce, kuma ya zo da fentinsa, irin na awo da ake zubawa a gwangwanin madara, ba rubutu, ba shaidar ƙusa. Kwandon tumatir yake so, da ganye kewaye. Inna tana cikin takaba a gida, ba ta fita, direban kuma ya ja benci ya zauna a gabana, ya ce yana so ya ga ko yaron ya gaji maigidansa. Na shimfiɗa fari da baƙi da toka, na gyara, na sake gyarawa, ina jan lokaci. Daga ƙarshe babu sauran abin gyarawa. Gwangwani biyu suna gabana a ƙasa, iri ɗaya sak a idona.

Sai na ji an jingina keke a jikin rumfa. Baba ne, ƙafarsa duk taɓon gona. Ya yi sallama, ya gaisa da direban, ya zauna a kan bencin kamar kullum nan yake zama. Ya kalli zanen ya daɗe. Ni dai na miƙa hannu na kama gwangwanin dama, don ba zan iya tsayawa haka a gabansa ba.

Baba ya sa ƙafa a hankali ya turo mini na hagu. Ya ce wa direban ya ɗan duba tayarsa ta baya, kamar ta yi sanyi. Da mutumin ya tashi, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, kawun naka, ya gaya mini, ranar da na je duba shi. Ya ce in ya tafi ba ka da mai nuna maka." Ya kalli taɓon ƙafarsa. "Na zalunce ka a kan kwandon nan. Ka yafe mini."

Na gyaɗa masa kai. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da abin da ya fi wanda ya ba ni. Abin da ya ɓoye shekara talatin ya ɗauka da bakinsa ya miƙa wa mutumin da ya kira shi raggo, saboda ni.

Baba bai koma gona ba ranar. Ya zauna har na gama motar, duk lokacin da zan sauya gwangwani sai ƙafarsa ta riga hannuna.